Sunan da Kaka Ta Kira

Da ƙafata na je kasuwar Suk Arabi, kuma da bakina na ce wa mai shago ya ba ni ƙaramar kwamfutar. Amma ƙawata wadda ta nuna mini ita da yatsa, ta ce, "Yaya, wannan ce taki," har yau in ta faɗo mini a rai ina cin abinci, sai in ture kwanon.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Hajj Yusuf, inda nake aure. Gidanmu kuwa yana Mayo, can kudancin Khartoum, kuma a nan kakata take, wadda ta haifi babana. Yaran gidan Habboba suke ce mata, kamar yadda duk ɗan Sudan yake kiran kakarsa. Ni kaɗai na kafe a kan Kaka. Tana ƙarama aka taho da ita daga yamma, ƙasar Hausa, a ƙafa da niyyar Makka, tafiyar ta tsaya a gonakin audugar Jazira. A can ta yi aure, a can ta haihu, a can bayanta ya ranƙwafa, kafin babana ya samu aiki a wani gareji a Alshajara ya je ya ɗauko ta.

Kaka tana da waƙa a baki. Ta tsinkar auduga, ta niƙa, ta lallashin yaro, da wasu na zagin shugaban lebura waɗanda in ta fara sai ta rufe baki da gefen zane tana dariya. Jikokinta kuwa in ta yi musu magana da Hausa, da Larabci suke amsa mata. Abin nan yana ci mini rai. Na ga tsohuwa za ta tafi da kayanta duka a ciki, mu zauna muna kallon juna. Shi ya sa na ƙudura sai na naɗi muryarta, ko don 'ya'yana.

Na fara da waya, abin da ya fito iska ce da kukan jakin masu ruwa. Daga nan na aro laftof ɗin makarantarmu. Wayyo kafaɗata! Daga Hajj Yusuf zuwa Mayo mota biyu ce, wata ran uku, ga matsi, ga rana, ga ni da jaka kamar mai tallan bulo. A bakin gada kuma in sojoji suka ga irin wannan jakar sai sun ce a buɗe, su ga makirfo, su fara tambayar muryar wa za a ɗauka, wa ya aiko ki, ina takardar izini. Zamanin ne da mutum yake auna maganarsa ko a gaban mai shayi. Da na isa da ƙyar na kunna ta, sai ta ɗau zafi, fankar cikinta ta shiga huci. Kaka ta kalle ta, ta kalle ni.

"Ke, wannan abin naki ciwon ƙirji gare shi? Ba ni yin waƙa a gaban majinyaci."

Da na saurari abin da na ɗauka, gaskiyarta ne. Hucin ya danne rabin muryar.

A wannan tsakanin na haɗu da ƙawar tawa. A mota na ji ta tana waya da wata irin Hausa tas, babu ko ɗigon Larabci, na kasa haƙuri na taɓa ta. Ɗaliba ce daga Najeriya, tana karatun addini a wata jami'a a Omdurman, kuma kafin ta zo ta ɗan yi aiki a gidan rediyo a garinsu. Na girme ta, sai ta ɗauki kirana Yaya. Juma'ar farko da na kai ta Mayo, Kaka ta riƙe hannunta ta ƙi saki. Ta ce ta yi ta magana kawai, ko me za ta ce, ita dai ta ji. Tun daga ranar ta zama 'yar gida. Kaka da ba ta yarda kowa ya hau angarib ɗinta, gadon igiyar da ta taho da shi tun daga Jazira, ita take matsa mata wuri. In an yi tuwo ita ake fara ɗebar wa. Da zazzaɓi ya kama ta, a ɗakin Kaka ta yi jinya, ni na riƙa yi mata wanki. Ban faɗi wannan don gori ba. Na faɗa ne don a san wace ce ita a gidanmu.

Ita ta ce in daina wahalar da kaina, in nemi ƙaramar kwamfuta. Muka je tare.

Lokacin kaya ba sa shigowa ƙasar kai tsaye saboda takunkumi, sai dai ta Dubai, yawanci na hannu. Shagon cike yake da su, an jera kamar faranti. Mai shagon ya dinga turo mini manya masu faɗin fuska, yana cewa wannan tana ɗaukar fim, wannan tana cin faifai. Ƙawata ko kallonsu ba ta yi ba. Ta ce masa ya kashe fankar sama, ya rage rediyonsa. Mutumin ya yi tsaye yana kallonta, ya dai kashe. Ta sa ya kunna guda uku, ta bar su suka ɗau zafi, sannan ta sunkuya tana kara kunnenta a jikin kowace, kamar unguwarzoma. Biyu suna huci. Ta ukun, wata 'yar fara da ba ta fi littafin karatun ɗalibaina girma ba, shiru kake ji.

"Wannan ba ta da fanka ma sam," in ji ta. "Yaya, kara kunnenki."

Na kara. Babu komai. Ta ciro makirfo daga jakarta ta soka, ta ce in yi sallama, ta sa mini abin kunne na ji kaina har da numfashina. Ta zare wayar wuta don mu ga ko batirin yana riƙewa, muka tsaya muna hira har mai shagon ya fara tsaki, batirin bai ko motsa ba. Wannan ya yi mini, don Mayo wuta baƙuwa ce. Daga nan ta ɗora mini ita a tafin hannu, ta ce in jefa ta a jakar hannuna in yafa tob ɗina, lulluɓin nan na matan Sudan, a kai. Na yi, na taka zuwa bakin ƙofa na dawo. Wa zai ce ina ɗauke da wani abu? Na ji daɗi har cikin raina, na rungume ta a tsakiyar shagon mutane.

Mai shagon yana naɗe ta ya ce mini, "Ya ustaza, cikinta fa ƙarami ne. Ba ta ɗaukar kaya da yawa."

Kafin in buɗe baki ƙawata ta amsa. "Ba komai. Tawa babba ce, tana ɗaki. In ta cika ta kawo in juye mata, a can ma za mu riƙa gyarawa."

Haka aka yi, kuma a lokacin ban ga abin tsoro a ciki ba. 'Yar'uwa ce ta ce za ta ajiye mini kaya.

Ranar da muka fara, Kaka ta kafa mana sharaɗi. Ta sa aka kori yara, aka saki labule, ta nuna mu da yatsa mu biyu.

"Muryata ba ta ƙetare ƙofar nan. Ni ba zabiya ba ce. Na jikokina mata ne, su ji bayan raina. Kun ji ko?"

Ƙawata ta dafa ƙirji. "Amana ce, Hajiya Kaka. Allah shi ne shaida."

Da kunnena na ji, kuma kwamfutar ma a kunne take, ta ɗauka.

Watannin da suka biyo baya, ban taɓa jin daɗin wani aiki kamarsu ba. In ajiye 'yar farar a kan tabarma, in jingina makirfo da kwanon goro, Kaka ta yi ta yi. Wata ran waƙa, wata ran labarin hanya, wata ran faɗa da ni don na yanke tarin da ta yi. Ƙawata ta koya mini yadda ake ganin murya a fuskar kwamfuta kamar tsefe, yadda ake ja a yanke kukan jaki, yadda ake sassauta ƙarshen magana ta sauka a hankali don kada ta katse kamar an ja ƙofa. Tana da hannu a wannan, ba zan hana ta ba. In ciki ya cika sai in ƙetara Omdurman, mu zauna a ɗakinta na kwanan ɗalibai, ta juye, mu sha shayi, in dawo da kwamfuta wayam.

Akwai abin da kowa ya sani a gidanmu amma ba a taɗinsa. Babana ba shi ne ɗan farin Kaka ba. Akwai wansa, wanda ya faɗa babbar hanyar ruwan gona a Jazira yana ɗan tatata, tana can cikin auduga. Kaka kuwa mutuniyar da ce. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Da ya rasu ma, an ce ko hawaye ba ta yi a gaban surukanta ba, ta koma gona da aka share makoki. In dole ta ambace shi sai ta ce "wancan yaron." Akwai ɗan maƙwabtanmu mai irin sunan, tun yana jariri har ya yi gemu "kai mai sunan nan" take ce masa. Babana ya yi furfura bai taɓa jin sunan wansa a bakin uwarsu ba.

Wata Juma'a bayan azahar, ni kaɗai na je. An ɗauke wuta, zafi ya kwantar da kowa, gidan tsit. Kaka tana kishingiɗe tana ba ni labarin yadda ake auna auduga, sai maganar ta tsinke. Na zaci barci ne. Can sai na ji ta fara wata waƙa da ban taɓa ji ba, ƙasa-ƙasa, idonta a rufe. Waƙar lallashi ce, amma tana tambayar ruwa ina ya kai mata ajiyarta. Da tsohuwar kwamfutar nan ce mai huci, da ta tuna akwai mai saurare. Wannan kuwa ko ƙis ba ta yi. Kaka ta manta da ita, ta manta da ni. A ƙarshen waƙar ta kira sunan. Sau ɗaya, a hankali, yadda ake kiran yaron da ake tsoron a tashe shi.

Ba zan rubuta sunan a nan ba.

Ta buɗe ido ta ga fuskata, sannan ta ga 'yar fitilar tana ƙiftawa.

"Abin nan a kunne yake?"

"A kunne yake, Kaka. In goge?"

Ta gyara kwanciyarta. Sannan ta ce, "Bar shi. In na mutu ki sa wa ubanki. Shi kaɗai."

Da cikin kwamfutar ya cika na kai Omdurman kamar kullum. Na ba ƙawata labarin duka, na ce wannan ɗayar ko ke kada ki buɗe. Ta yi kuka, wallahi ta yi kuka, har ni na koma ina ba ta haƙuri.

Bayan Babbar Salla, wata safiya na ɗauki Kaka za mu je gaisuwar mutuwa a wancan gefen Mayo. Ƙafarta ba ta kai nisa, sai muka tari raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku. A shekarun kowane mai raksha yana da lasifika a bayan kujera, da memori cike da waƙoƙin da ake loda musu a kasuwa. Mun ɗan taɓa tafiya sai ya ƙara sauti. Kiɗan fiyano ne mai sauri, irin na biki, da ganga a ƙarƙashi. Ban kula ba sai da murya ta shigo. An ƙara mata sauri, an siranta ta, amma ko a cikin kasuwa na ji tarin Kaka zan gane shi, balle waƙarta.

Sai ga sunan. An yanko shi daga ƙarshe an mai da shi amshi. Ana kira, ganga ta buga, a sake kira, a sake, a sake. Mai rakshar yana bi da bakinsa yana dukan kan babur da tafin hannu. Ya waigo yana dariya ya ce mana da Larabci, wai waƙar wata habbobar Hausawa ce, ita ake yayi yanzu, ko a Omdurman ba a biki sai da ita.

Na kasa juyawa in kalli Kaka. Hannunta kawai na gani a kan gwiwarta, ya damƙe carbi.

"Ce masa ya tsaya," ta ce.

Ta sauka da kanta, ba ta yarda na riƙe ta ba. Ta juya ta kama hanyar gida a ƙafa, cikin rana, ina biye da ita kamar wadda aka kama da sata.

Ranar ban koma Hajj Yusuf ba, Omdurman na wuce. Na samu ƙawata tana ninke kaya. Da ta ga idona ta san abin da ya kawo ni, kuma abin da ya fi ƙona mini rai, ko a jikinta. Murmushi ma ta yi.

"Yaya, kin ji ta ko? Da ma ina so in ba ki mamaki."

Wai akwai wani ɗan garinsu mai ɗakin haɗa kiɗa a bayan kasuwa, shi ta kai wa. Na ce wa ya yanko sunan? Don na ji yadda ƙarshensa yake sauka a hankali, na san hannun. Ta ce ita ce, ai nan ne ya fi daɗi a kunne.

"Ke ba ki san darajar abin da ke hannunki ba, Yaya. Da sai ta ruɓe a kwamfuta. Yanzu ga yaran da ba sa jin Hausa suna rera Hausa. Ba abin da kike so ba ke nan?"

"Ɗanta ne," na ce. "Ɗanta ne da ya mutu a ruwa! Kin dafa ƙirji kin kira Allah!"

"Haba Yaya, ai ba a faɗi sunanta ba, wa ya san ita ce? Kuma wannan kunyar ɗan farin, mu a gida an daɗe da barinta. Ku ne nan kuka riƙe."

Mu ne nan muka riƙe! Ta ci tuwonmu, ta kwanta a gadon tsohuwa, ta sha maganin da aka jiƙa mata da hannun Kaka, sannan ta tsaya tana gaya mini abin da aka daina a gida. Na ɗaga hannu, Allah ya taimake ni na sauke. Na ce ta goge duk abin da ke wurinta yanzu a gabana. Ta ce kwamfutar tana wurin gyara. Ga ta kuwa ina hango igiyarta a ƙarƙashin filo. Na ce mata Allah ya isa, ban taɓa gaya wa wani mahaluki haka ba kafin ranar, kuma ban janye ba.

Wa ya san ita ce? Mayo kaf. Matan da suka yi tsinkar auduga tare da ita suna nan da ransu. Aka fara shigowa, wasu da dariya suna cewa ashe Hajiya tauraruwa ce, wasu su zauna su yi shiru su tashi. Babana a gareji ya ji, a wayar wani abokin aikinsa. Ya dawo bai ci abinci ba, ya kira ni bayan ɗaki, ya ce, "Da gaske muryarta ce?" Na ce ita ce. Ya gyaɗa kai ya shiga. Abin da aka ajiye masa shi kaɗai, a tsakiyar ƙarafa da hayaniya ya karɓe shi, ana rawa.

Juma'ar da ta zagayo Kaka ta ce in kawo abin. Na ajiye a gabanta.

"Fitar da shi."

"Waccan waƙar, Kaka?"

"Duka. Ni duka."

Na roƙe ta. Na ce ta bar mini ko na niƙa, ko labarin hanya, don 'ya'yana. Ta kalle ni kawai. Ba ta zage ni ba, ba ta ce laifina ne ba, ko sunan yarinyar ba ta ɗauko ba, har ta koma ga Allah. Na goge ɗaya bayan ɗaya tana kallo, har da waɗanda na riga na gyara na dawo da su don in sa wa 'yata. Da na gama ta miƙo hannu, na ɗora mata kwamfutar. Ta ɗan jinjina ta a tafinta.

"Ba ta ragu ba," ta ce, ta miƙo mini.

Daga ranar ba ta sake waƙa ba, ko ta lallashin jariri. Ta daina fita ƙofar gida da la'asar, don rakshoshi ta nan suke bi. Da aka yi biki a layinmu aka kafa lasifika, ina ganinta ta shige ɗaki ta ja ƙofa, a zafin nan. Shekara ba ta zagayo ba ta rasu.

Ita kuwa waccan ta gama karatunta ta koma ƙasarsu da babbar kwamfutarta. Muryar Kaka tsaf, da dariyarta, da tarinta, da sharaɗin da ta kafa mana, duk suna can wurinta in ba ta zubar ba. Ban nema ba, kuma ba zan nema ba. 'Yar farar tana cikin akwatina, ban sake kunna ta ba.

Yayin waƙar ya wuce kamar yadda yayi yake wucewa. Bayan shekaru, ina cikin mota a kan gada, sai na ji ta a wayar wata mata da ke kusa da ni. Na yi niyyar in ce ta kashe. Da na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa ta tura mini.

Tana cikin wayata har yanzu. 'Yata ta taɓa tambayata yaya muryar Habboba take, na ce mata na manta. In kewa ta ishe ni nakan rufe ɗaki in sa abin kunne, in daure wa fiyanon da gangar, in ji Kaka tana tambayar ruwa. Na san daidai inda amshin yake shigowa. Kafin ta kira shi nake kashewa.